Mijin ƙanwata yana dukanta, ya ce kuma zai ƙwace yara: me dokar Nijar ta tanada?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah mazaunin unguwar Zariya a birnin Maradi. Ƙanwarsa ta yi shekara tara da aure, tana da yara uku, babban yana da shekara takwas. Mijin yana dukanta. Sau biyu an je gaban mai unguwa an sasanta, ta koma. A wannan karon ya shaƙe mata wuya, ya fasa mata baki, ya kuma bugi babban yaron da ya shiga tsakani. Yanzu tana gidan yayan nata. Mijin ya ce ba zai sake ta ba sai an maido masa da sadaki da duk abin da ya kashe, yara kuma nasa ne. Mai tambaya yana so ya san ko akwai dokar da za ta kare ta da yaran, da kuma inda za a fara.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka riƙe ta a gidanka, ba ka tasa ta gaba ka mayar ba. Kada ta koma ɗakin nan a yanzu, ko wa ya zo biko. Shaƙe wuya daban yake da mari. Likitoci da masu binciken kisan kai sun daɗe da sanin cewa mijin da ya kai hannu ga maƙogwaron matarsa ya fi sauran kusa da kashe ta, kuma lokacin da mace ta bar gida ko ta nemi rabuwa yana cikin lokutan da suka fi haɗari. Saboda haka kada a bar ta ta je kwasar kaya ita kaɗai, kada kuma a yarda ya keɓe da ita da sunan za su yi magana.

Nijar ba ta da wata doka guda da aka yi musamman domin cin zarafin cikin gida. Ba mu da kundin dokar iyali ma. An yi yunƙurin samar da shi a shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, duka biyun suka ci karo da adawar ƙungiyoyin addini, aka jingine. Na san a Maradi ana sauraron gidajen rediyon Katsina da Kano, ana jin labarin dokar hana cin zarafi ta Najeriya ta 2015, wadda ta ba kotu ikon hana miji kusantar matarsa. Wannan dokar ba ta tsallako iyakar Ɗan Isa ba. Amma duk wanda ya ce maka ƙanwarka ba ta da kariya saboda haka, bai san yadda shari'ar ƙasar nan take tafiya ba.

Matsalar da ke gabanku kashi biyu ce, kuma kowane kashi da hukumarsa. Akwai maganar aure: saki, sadaki, riƙon yara, ciyarwa. Wannan ana bi da ita bisa al'adar masu shari'ar, a wurinmu kuwa al'adar ta cakuɗe da fiƙihun Malikiyya. Akwai kuma maganar laifi: duka, rauni, barazanar kisa. Wannan ba ruwanta da al'ada, kundin hukunta laifuka ne yake aiki a kanta. Kuskuren da na fi gani a gidajenmu shi ne a ɗauki maganar laifi a kai ta inda ake sasanta aure, a ba da haƙuri, a yi fatiha, a watse, ba a rubuta komai ba. Bayan wata shida a sake dawowa da rauni mafi muni, kuma a idon hukuma kamar yau ne karon farko.

Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, ya ce a sashe na 222 duk wanda ya doki wani ko ya ji masa rauni da gangan, hukuncinsa zaman gidan kaso daga wata 3 zuwa shekara 2, da tarar jika 10 zuwa jika 100, ko ɗaya daga cikin biyun. Idan da makami ne ko da shiri, hukuncin ya ƙaru. Idan dukan ya bar nakasa ta dindindin, kamar rasa ido ko mutuwar wata gaɓa, ana maganar shekara 1 zuwa 8. Idan rai ya fita ba tare da niyyar kisa ba, shekara 10 zuwa 20. A cikin wannan sashe babu inda aka ce ban da miji. Haka yake kuma ga saurayi da tsohon miji. Dukan yaron da bai kai shekara 13 ba ya fi nauyi a wurin doka, kuma kasancewar mai dukan uba ne ba ya wanke shi. Inda dokar ta gaza, a ganina, shi ne batun tilasta wa mace kwanciya a cikin aure: fyaɗe babban laifi ne mai hukuncin shekara 10 zuwa 20, amma kundin bai ambaci na tsakanin miji da mata da sunansa ba, shi ya sa a aikace ta hanyar duka da raunin da suka biyo ake kama irin wannan.

Yanzu ga abin da ya fi komai gaggawa, kuma shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi: takardar likita. Rauni yana warkewa, kumburi yana sacewa, shatin yatsu a wuya yana ɓacewa cikin kwanaki. Alƙali bai ga daren da abin ya faru ba. Abin da likita ya rubuta shi zai karanta. Ku je komisariya, wato ofishin ƴan sanda, idan a cikin birni ne, ko wurin jandarmomi idan a ƙauye ne, ku shigar da ƙara, ku nemi a ba ku takardar da ke umartar likita ya duba ta. Idan raunin ba ya jira, a fara da asibiti, ƙarar ta biyo baya. Likita zai rubuta irin raunin, da inda yake, da adadin kwanakin da ba za ta iya aiki ba. Ta faɗa masa komai, har da shaƙewar, ko da babu tabo a waje: dashewar murya, wahalar haɗiya, jiri, jan ido, duk a rubuta. Illar shaƙewa takan fito daga baya, don haka dubawar ta lafiyarta ce kafin ta zama ta shari'a. Yaron ma a yi masa tasa takardar daban. A ɗauki hotunan raunukan da waya yau, a sake ɗauka bayan kwana biyu, saboda wani tabon sai ya kwana yake fitowa. Saƙonnin murya na WhatsApp da yake turo mata yana zagi ko yana cewa zai kashe ta, kada a goge ko ɗaya, a tura wa wata wayar a ajiye. Barazanar kisa laifi ce mai zaman kanta. Ga masu karatu da abin ya shafi fyaɗe, maganin kariya daga cutar sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, saboda haka a nan ba a kwana ana shawara.

A rundunar ƴan sanda akwai sashen kare mata da ƙananan yara, jandarmomi ma suna da irinsa. Idan kun je ku tambaye shi, don sun fi sabawa da irin wannan ƙarar. Duk da haka kada ka yi mamaki idan wanda kuka tarar ya ce muku wannan maganar gida ce, ku je ku sasanta. Shi ma a cikinmu ya tashi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kusan mata 6 cikin 10 suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa a kan aƙalla dalili ɗaya, irin su fita ba izini ko gardama ko ƙona abinci. Idan matan da kansu haka suka ɗauka, ina ga mazan da ke zaune a ofis. Abin da ya kamata ka sani shi ne jami'in ba shi ne mai yanke ko za a bi ƙara ko a bar ta ba. Wannan ikon na mai gabatar da ƙara na gwamnati ne, wanda ofishinsa yake babbar kotun Maradi. Idan an ƙi karɓar ƙararku ko an yi ta jan ƙafa, ƙanwarka tana iya rubuta masa ƙara kai tsaye, a haɗa da kwafin takardar likita da hotuna da sunayen shaidu. A garuruwa irin su Madarunfa da Gidan Rumji da Tasawa da Dakwaro da Mayahi akwai ƙananan kotuna, ba sai an zo birni ba.

Wani abu kuma da dangin miji ba su cika sani ba: da zarar ƙara ta shiga hannun mai gabatar da ƙara, shari'ar ta zama ta hukuma. Ko matar ta ce ta yafe, wannan ba ya tilasta masa ya rufe ta, ko da yake a aikace yafiyar takan sa a sassauta ko a jingine. Ku san da wannan tun kafin ku shiga, domin za a zo muku da dattawa da malamai a ce ku janye. Ƙanwarka tana kuma da damar neman diyya a cikin wannan shari'ar, kuɗin magani da na cutarwar da aka yi mata, don haka a adana takardun sayen magani.

Game da mai unguwa da sarakuna, ban raina aikinsu ba. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada da na mu'amala, kuma aure da yawa a ƙasar Katsinar Maradi da Gobir a fada aka ceto su. Amma sasantawa ce, sai ɓangarorin biyu sun yarda. Sarki ba ya yanke hukuncin laifi, ba ya kuma da ikon hana mace zuwa kotu. Zaman nan biyu da kuka yi a gaban mai unguwa yana da amfani yanzu: shaida ce cewa abin ya maimaitu. Idan an rubuta takardar sulhu a lokacin, ku nemi kwafinta. Idan ba a rubuta ba, shi da waɗanda suka halarta shaidu ne.

Mu dawo kan aure, inda mijin yake ganin ya riƙe ku. Dokar tsarin kotuna ta 2018, kamar wadda ta gabace ta a 2004, ta ce a maganar aure da saki da gado kotu tana amfani da al'adar masu shari'ar, da sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su. Alƙali yana zama tare da masu ba shi shawara kan al'ada, waɗanda a nan galibinsu malamai ne. To su malaman nan sun san bambancin da mijin ƙanwarka yake so a manta da shi. Hul'i shi ne mace ta nemi rabuwa don ta gaji da auren ba tare da mijin ya cuce ta ba, sai ta fanshi kanta da sadaki ko abin da aka daidaita. Rabuwa saboda cutarwa kuwa wani babi ne daban: a mazhabar Malikiyya, idan cutarwa ta tabbata, alƙali yana raba auren ko miji bai so ba, kuma ba ta biyan komai. Littafin Muhtasar na Halil, wanda malamanmu na zaure suke karantarwa, ya kawo cewa tana da wannan haƙƙin ko da shaidu ba su tabbatar da maimaituwar cutarwar ba. Malaman mazhabar sun kuma ce idan miji ya ƙuntata wa mace har ta fanshi kanta, sannan cutarwar ta tabbata, sakin ya auku kuma sai ya maido mata da abin da ya karɓa. Alƙur'ani ma a cikin Baƙara ya hana a riƙe mata don a cutar da su.

Saboda haka idan ƙanwarka ta je gaban alƙali, kada ta ce kawai ba ta son auren. Wannan furucin shi yake jefa mata da yawa cikin hul'i, su fita da bashin sadaki alhali su aka zalunta. Ta ce tana neman a raba auren saboda cutarwa, ta ajiye takardar likita a gabansa, ta kawo maƙwabtan da suka ji ko suka gani. Ka ga takarda ɗaya ta yi aiki a shari'a biyu. Alƙali zai fara gwada sulhu, wannan ƙa'ida ce, kada ya ba ku tsoro. Tana da damar cewa ba ta amince ba. Maganar "duk abin da na kashe" kuwa, ciyarwa da tufatarwa na shekara tara wajibinsa ne ya sauke, ba bashi ba ne. Kayan ɗakinta nata ne, da dabbobinta da jarin sana'arta. Idan kuma ya fusata ya furta saki da bakinsa ko ya aiko a rubuce, kada ku tsaya nan, ku je kotu a tabbatar da sakin a ba ta takarda, a kuma yanke maganar yara da ciyarwa a zama guda. Mata da yawa suna zaune shekaru ba su san matsayinsu ba, saboda mijin ya dawo ya ce shi bai saka ba.

Yara su ne inda aka fi tsorata uwa, kuma da su ake mayar da ita gidan duka. Abin da aka saba ji shi ne yaro in ya kai shekara bakwai na uba ne. Wannan al'ada ce, kuma gaskiya kotuna sukan bi ta idan babu wanda ya kawo hujjar da ta fi ta. Amma ba ita ce maganar Malikiyya ba: a mazhabar, uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, ɗiya mace kuma har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure riƙon ya koma ga kakar yaran ta wajen uwa kafin a zo kan uba. Ga kuma yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, da ta sa maslahar yaro a gaba da komai. Uban da akwai takardar likita a kan dukan da ya yi wa ɗansa, zai yi wuya ya gamsar da alƙali cewa maslahar yaron tana hannunsa. Alƙali yana iya tura ma'aikatan jin daɗin jama'a su binciki gidajen biyu kafin ya yanke. Akwai kuma alƙalin yara, wanda dokar 2014 ta ba ikon ɗaukar matakin kariya ga duk yaron da lafiyarsa ko tarbiyyarsa take cikin haɗari, har da damƙa shi ga uwa ko wani ɗan'uwa. Kai ma a matsayinka na kawu kana iya sanar da hukuma halin da yaron yake ciki. 

Ku hanzarta kai maganar yaran gaban alƙali, don mu a bakin iyaka muke. Mota ɗaya ce tsakanin Maradi da Jibiya, kuma yaron da aka kai wa gwaggo a Katsina ko Kano, dawo da shi ta hanyar shari'a aiki ne mai tsawo da tsada. Takardun haihuwar yaran su kasance a hannunku, a sanar da shugaban makarantarsu wanda aka yarda ya ɗauke su. Idan ba su da takardun haihuwa, ko auren ba a yi masa rajista a ma'aikatar magajin gari ba, kotu tana bayar da hukuncin da ke maye gurbinsu idan an kawo shaidu. Rashin takardar aure ba ya hana shigar da ƙarar duka ko kaɗan.

Ciyar da yara tana kan uba ko a hannun wa suke. Alƙali yana yanka adadi gwargwadon ƙarfinsa, ƙin biya bayan hukunci kuma laifi ne. Idan ma'aikaci ne mai albashi, ana iya cirewa daga albashin. Idan ɗan kasuwa ne ko mai tafiya ci-rani, karɓar takan yi wuya, kuma abin da ake yankawa sau da yawa ba ya isa. Gara ku san haka, ku fara tunanin sana'ar da za ta riƙe ta.

Kuɗin lauya kada ya hana ku. Dokar 2011 ta kafa hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, mai ofisoshi a manyan kotuna. Bayani da shawara kyauta ne ga kowa, kuma dokar ta sa matan da aka ci zarafinsu, da masu neman ciyarwa ko riƙon yara, da yaran da aka cuta, cikin waɗanda ake ba mai kare su ba tare da sai sun kawo shaidar talauci ba. Idan kun shiga kotun Maradi ku tambayi ofishinta. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar da ƙungiyar SOS mai taimakon mata da yaran da aka ci zarafinsu a cikin iyali su ma suna wannan aikin, haka ma ofishin jiha mai kula da ci gaban mata da kare yara.

Raunin tsarinmu shi ne tsakanin ranar shigar da ƙara da ranar hukunci. Ƴan sanda suna iya tsare mijin awa 48, a ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, daga nan ko a kai shi gidan kaso kafin shari'a ko a sake shi ya jira sammaci. Idan an sake shi, babu wani jami'in da zai kwana a ƙofar gidanka. A wannan tsakanin kariyarta ku ne: ta canza lambar waya in ya dame ta, kada ta fita ita kaɗai da dare, maƙwabta su san halin da ake ciki. Duk sabuwar barazana a koma a faɗa, a rubuta. Kai kuma, Malam, ka riƙe hannunka da na ƙannenka. Idan kuka je kuka rama mata, sashe na 222 ɗin nan zai hau kanku, shari'a ɗaya ta zama biyu, shi kuma ya samu abin da zai yi ciniki da shi.

Mai yiwuwa ne bayan duk wannan ta ce za ta koma, saboda yara, ko saboda matsin iyaye, ko don har yanzu tana son mijinta. Wannan shawararta ce, kuma idan kuka yi fushi kuka ce ba ruwanku, kun bar ta ba ta da inda za ta gudu a karo na gaba. Abin da za ku iya shi ne ku sa komawar ta zama a gaban alƙali ko a fada, a rubuce, ya amsa abin da ya yi, ya sa hannu a kan sharuɗɗa, waliyyinsa ma ya sa. Asalin takardar likita da hotuna da takardun yara su zauna a gidanka, kada su bi ta. Laifin duka irin wannan ana iya bin sa har shekara 3 daga ranar da aka aikata shi, don haka komawarta ba ta kashe takardun ba.